Ruwan da Mukonyo Ta Hana Tafiya

A garin Kitengela, idan aka ce Mukonyo ce ta haƙa rami, ba a sake tonawa a duba. Aikinta na ƙarƙashin ƙasa ne. Ita ke fitar da hanyoyin ruwa a ƙarƙashin filayen wasan da masu hali suke shimfiɗawa a bayan gidajensu, irin ciyawar robar nan kore shar wadda ko akuya ba ta ruɗuwa da ita. Mai gida ya ga kore, ya yi murmushi, ya ɗauki hoto. Abin da ke ƙasa kuwa, ramuka da tsakuwa da bututu da baƙin ƙyallen da ke hana ciyawar gaske hudowa, da zarar an rufe shi ke nan, sai amana.

Amanar nan ita ce duk abin da Mukonyo ta mallaka. Ba ta da fili a garin, ɗaki ɗaya take haya kusa da kasuwa. Amma Kirimi, ɗan kwangilar da take yi wa aiki, yana da wata al'ada: kafin ya yarda a rufe ramin kowa, sai ya zuba bokitin ruwa a samansa, ya bi ruwan da ido har ya ga ya fita ta bakin bututu. Ramin Mukonyo ne kaɗai ba ya zuba wa ruwa. Shekara tara suna tare, bai taɓa ba. Ba ta taɓa yin maganar da kowa ba, amma tana alfahari da wannan fiye da komai a duniya, in ka cire 'ya'yanta uku.

Abin dariyar shi ne, matar nan ba korar ruwa aka koya mata ba, tsare shi aka koya mata. A tuddan Machakos aka haife ta, inda ba a barin ruwan sama ya wuce gona haka kawai. Tun tana shekara goma sha biyu take bin uwarta gayya. Mata su jeru a jikin tudu da fartanyoyi, ana waƙa, a haƙa rami a kwance, a watsa ƙasar sama ta zama 'yar ganuwa. Duk taku goma kuma a bar ɗan tudun ƙasa a cikin ramin, don ruwa ya tsaya ya nutse. A cikin ramin ake dasa ayaba.

Shekarar babban fari tana budurwa. Ita ce mai ɗaukar jarka zuwa busasshen kogi, a tona yashi har iya ƙirji kafin a ga danshi, a tsuguna a jira ya taru a ƙoƙo. Wata rana ta yi tuntuɓe a hanyar dawowa, jarkar ta fashe. Uwarta ba ta dake ta ba, ba ta ma yi faɗa ba. Ta dubi jarkar, ta dubi ƙannen Mukonyo da ke zaune suna jira, ta shige ɗaki. Mukonyo takan ce da dukanta aka yi da ya fi mata sauƙi. Har yau ba ta iya watsar da ruwan wanke-wanke a banza, sai ta nemi wani tsiro ta ba shi, ko da na maƙwabta ne.

Bayan mijinta ya rasu ta sauko Kitengela da fartanyarta, saboda yara na makaranta. Ranar farko da aka nuna mata inda za ta haƙa, aka ce ramin ya riƙa gangarawa don ruwa ya fita, sai ta tambaya, "Ya fita ya je ina?"

Aka ce, "Titi."

"Daga titi fa?"

Aka ce wannan kuma ba aikinsu ba ne. Ta kama haƙa, ta kuma iya fiye da waɗanda ta tarar. Wanda ya san yadda ake tsayar da ruwa ya san ta inda yake son gudu.

Ƙasar Kitengela ba irin jar ƙasar gida ba ce. Baƙar laka ce mai mugun hali. Da rani ta tsage har ƙafar mutum ta shige, da damina ta sha ruwa ta kumbura, ta ƙwace maka takalmi, ta tsaga ginin da aka kashe dukiya a kai. Kafin a shimfiɗa ciyawar roba a kanta sai an kwashe ta iya gwiwa, a shimfiɗa baƙin ƙyallen nan, a ɗora bakin kowane yanki a kan ɗan'uwansa, a ja ramuka kamar ƙashin kifi, a kwantar da bututu mai huji-huji cikin tsakuwa, a zuba marmara a daddale. Duk wannan wahala don mutum ya samu ciyawar da ba ta tsirowa, alhali ta Allah tana can ƙasa tana neman hanyar fitowa. Mutane dai da neman aiki suke.

A watan Fabrairu aka kira su gidan Mwalimu Ombati, wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya. Shi ba don ado yake so ba. 'Yan matan unguwa yake koya wa ƙwallon raga a bayan gidansa, kuma duk damina sai su yi wata uku ba su taka filin ba. 'Ya'yansa ne suka haɗu suka ce a gyara masa. Mutum ne mai sanyin murya, kullum ƙarfe goma zai fito wa ma'aikata da shayi da kansa. A ranar farko ya tsaya gindin wani lemun tsami da ke jikin katanga, taku uku daga inda bututun zai fita zuwa kwata, ya ce wa Kirimi, "Marigayiya matata ce ta dasa shi, shekarar da muka tare a gidan nan. Ku yi duk abin da za ku yi, amma ku kewaye shi."

Kirimi ya ce, "Ko ganyensa ba za mu taɓa ba, Mwalimu."

Ba su taɓa ba kuwa. Amma Mukonyo ta kwana goma tana haƙa tana duban itacen nan. Rana ta ƙwalle, ƙasa ta tsattsage, ganyensa ya nannaɗe. Lissafin da zuciyarta ke yi mata shi ne: duk ruwan da ke sauka a bayan gidan nan, da shi itacen yake rayuwa, ga shi da hannunta tana shirya yadda kowane ɗigo zai bi bututu ya tafi titi. Kanta ya san halin baƙar laka sarai. Hannunta ne bai taɓa yarda ba.

Ranar ƙarshe, da safe Kirimi ya zuba bokitinsa a ramukan gefe, ruwa ya gudu lafiya. Saura gaɓar ƙarshe ta jikin katanga, wadda take ta Mukonyo. Da tsakar rana sauran mata suka tafi inuwa cin abinci. Ta durƙusa, ta ɗauki wani faffaɗan dutse kamar tafin hannu, ta ɗaga bututun ta cusa shi a ƙasa. Bakin bututun ya tashi yatsa huɗu. Ba toshewa ta yi ba, a ganinta. Ɗan tudun nan ne na cikin rami da uwarta ta koya mata, don ruwa kaɗan ya tsaya, itacen marigayiya ya samu na sha. Ta mai da tsakuwa ta rufe.

Kirimi ya iso da bokiti a hannu. Ya tambayi Kavindu, matar da ke shimfiɗa ƙyalle, "Wa ya yi nan?"

Kavindu ta ce, "Mwaitu ce." Haka suke kiran Mukonyo, kamar yadda ake kiran uwa.

Ya ajiye bokitin. "To ku rufe mana, me kuke jira?"

Ruwa ya sauko ƙarshen Maris kamar da bakin ƙwarya, ya yi mako huɗu bai ɗaga ba. Wata Juma'a da hantsi Kirimi ya tara su duka a gidan Mwalimu. Tun daga ƙofa Mukonyo ta hango ɓarnar. Filin da suka bari sumul ya yi tudu da kwari kamar tsohuwar katifa. In ka taka, ruwa ya tsatso tsakanin yatsunka. Ta wajen katanga kuma ga aya-aya ta huda ƙyalle, ta huda ciyawar roba, ta fito tsaye cako-cako. Ciyawar nan ƙwayarta na iya shekara a ƙasa tana barci, danshi kawai take jira, kuma tsininta ba ya jin ƙyalle. Mwalimu ya riga ya hana 'yan matan wasa, kada wata ta gurɗe.

Kirimi ya tsuguna ya tuge guda, ya jujjuya ta. Ko bakin bututun bai leƙa ba, tunda ya san wadda ta yi shi. Sai ya juya ya dubi Kavindu.

"Sau nawa na ce miki ki ɗora bakin ƙyalle taƙi biyu a kan ɗan'uwansa?"

"Na ɗora, maigida. Allah ne shaidata."

"To ita ciyawar daga sama ta faɗo? Kin bar kafa, laka ta bi ta nan ta cushe tsakuwa, ga sakamakon. Ko makaho ya shafa ya san haka." Ya yar da ciyawar. "Daga Litinin ki huta a gida."

Kavindu macen kirki ce, shekararta arba'in, bakinta ba ya shiru a wurin aiki, ita ke sa kowa dariya. Ranar nan sunkuyar da kai kawai ta yi. Mukonyo kuwa tana tsaye da fartanya a kafaɗa, ta ga abin da Kirimi bai gani ba: ciyawar ba ta bi layin haɗin ƙyalle ba, a inda ruwa ya kwanta ta fito. Ta buɗe baki, ta rufe. Tsoro ne ya kama ta, ba wani abu ba. Kalma ɗaya za ta faɗa, shekara tara su tafi.

Tare suka taka zuwa bakin titi. Kavindu ta ce, "Mwaitu, ke ma ai kin ga yadda na shimfiɗa shi, ko?"

"Na gani."

"To me ya sa ba ki ce komai ba? Ke in kin yi magana yana ji."

Mukonyo ta ce motarta ta zo, ta shige matatu, ƙaramar motar hayar nan, ta bar ta tsaye a wurin.

Asabar ta wanke kayan da ba su yi datti ba. Lahadi ta je coci, aka ɗauko waƙar da ita ke ja wa mata, ta bar wata ta ja. Ta gaya wa kanta cewa dutse ɗaya ne, a ƙarƙashin tsakuwa, ba mai sani har abada. In an zo gyara ita za a ba wajen katanga, ta zare shi ta jefa a baro, magana ta mutu. Gaskiya ne kuma, da hakan zai yiwu. Sai dai da aka tashi coci ta hangi Kavindu a ƙofa da 'ya'yanta mata uku, tana gyara wa ƙaramar ɗankwali, sai Kavindu ta gaishe ta da ladabi kamar kullum. Gaisuwar nan ce ta gama da ita.

Litinin da sassafe ta biya ta ɗauki Kavindu, ba ta ce mata komai ba sai, "Taso mu je." A gidan Mwalimu ta roƙe shi ya kira Kirimi a waya. Suna jira ne idonta ya kai kan lemun tsamin. Ganyensa ya yi rawaya, rabi ya zube a kan ciyawar roba.

Da Kirimi ya iso ba ta yi dogon bayani ba. Ta naɗe gefen ciyawar, ta sa fartanya, ta kwashe marmara, ta kwashe tsakuwa da hannu. Ramin cike yake da ruwa mai wari. Ta zura hannu har kafaɗa ta zaro dutsen. Bututun ya kwanta, nan take ruwan da ya yi wata guda a tsare ya fashe ta bakin katanga, ya cika kwata, har masu wucewa suka tsaya kallo.

Ta ajiye dutsen a gaban Kirimi. "Ni na sa shi. Ƙyallen Kavindu lafiyarsa ƙalau."

Kirimi ya dubi dutsen. "Faɗawa ya yi ciki?"

"Sa shi na yi, da hannuna, ina sane. Na ce ruwa kaɗan ya tsaya wa itacen nan."

"A baƙar laka, Mwaitu? Ke da kika koya mini yadda take?"

"Ni ɗin."

Bai ɗaga murya ba, kuma ita da ya ɗaga da ya fi mata daɗi. Ya ce, "Da wani ne ya zo ya gaya mini, da na kore shi." Sannan ya juya wajen Kavindu, ya cire hula, ya kira ta da sunan babbar 'yarta. "Na zalunce ki, Maman Mbithe. Ki dawo aiki."

Kavindu ba shi take kallo ba. "Kwana uku, Mwaitu. Kwana uku ina tunanin abin da zan gaya wa yaran nan, ke kuma kina sane."

"Kwana uku na bar ki. Ki yafe mini."

"Zan yafe, amma ba yau ba. Yau sai na more."

Mwalimu kuwa tuni ya koma wajen lemun tsaminsa. Yana gindin itacen, ya kankare ɓawon da farce. Maimakon kore, ruwan ƙasa ya gani. Ya tona gindin kaɗan da sanda, saiwar ta fito baƙa, ta ruɓe, tana saɓulewa. Mukonyo ta matso ta tsaya a bayansa, ta rasa da wane baki za ta fara.

Shi ya fara. "Ita ma marigayiya sai da ta kashe biyu da ban ruwa kafin ta gane ƙasar nan. Shi ya sa ta ɗora wannan a kan ɗan tudu, kin gani? Shekara ashirin da biyu ba wanda ya ba shi ko kofi ɗaya."

"Mwalimu, so na yi ya rayu."

"Na sani." Ya goge farcensa a wando. "Na sani. Bari in ɗora shayi."

Ya shige gida, ya daɗe bai fito ba. Mukonyo ta zauna a kan baro ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba ranar da jarka ta fashe.

Gyaran ba ta bari an nemi kowa ba. Gayya ta kira, irin ta gida. Ta bi matan ƙauyensu da ke zaune a Kitengela da Athi River ɗaya bayan ɗaya, kowace kuma sai da ta gaya mata dalili da bakinta, wanda ya fi haƙar wuya. Ranar Asabar mata goma sha huɗu suka zo da fartanyoyinsu. Aka naɗe ciyawar roba gefe, aka kwashe marmara, aka bar laka ta sha iska. Aka tsuguna ana tsince ƙwayar aya-aya ɗaya-ɗaya ana jefawa a daro, don in ka bar guda ta haifi ɗari. Mwalimu ya dafa musu surfaffiyar masara da wake a babbar tukunya.

Kavindu sai da rana ta ɗaga ta iso, da gangan. Tana zuwa ta karɓe jan waƙa, ta ƙirƙiro wata nan take a kan wata tsohuwa da ta ɗaure ruwan sama a turke tana jira ya haihu. Mata suka amsa suna dariya har da riƙe ciki. Mukonyo ta sunkuyar da kai tana haƙa, can kuma aka ji ta tana amsawa tare da su. Da yamma Kavindu ta miƙa mata ƙoƙon ruwa, ta ce, "Sha, amma kada ki ɓoye saura a ƙarƙashin bututu."

Lemun tsamin Mwalimu ne ya sare shi da kansa, bai yarda kowa ya taya shi ba. Ya ajiye wani reshe mai kauri, ya ce zai yi sanda.

Asabar ta biyu aka shimfiɗa sabon ƙyalle, ninki biyu ta wajen katanga, aka kwantar da bututu. Gaɓar ƙarshe Mukonyo ce ta sake yi. Da ta gama ta miƙe ta ja baya. Kirimi na tsaye da bokiti a hannu, yana duban ƙasa, yana duban katanga, ya rasa yadda zai yi.

Ta ce, "Zuba mana, ɗana. Me kake jira?"

Ya zuba. Ruwan ya nutse cikin tsakuwa, aka ji shi yana gudu a bututu, ya fita ta bakin katanga, ya bi kwata ya gangara titi, bai bar ko ɗigo ba.

'Yan matan sun koma wasa kafin damina ta ƙare, filin kuma har yau sumul yake. Mwalimu na zama a kujerarsa a wurin da ya saba, sai dai yanzu da lema, tunda babu inuwa. Mukonyo tana nan tana haƙa wa Kirimi, shekararta hamsin da bakwai, kuma babu wadda ta kai ta iya fitar da gangare. Amma tun daga ranar, raminta ma ana zuba masa bokiti kamar na kowa. Ba ta taɓa cewa a daina ba. In an zo zubawa takan juya baya ta kama goge fartanyarta, sai an jima ta tambayi Kavindu, "Ya fita?"

Kavindu ta ce, "Ya fita duka, Mwaitu."

Sai ta ce, "To, ku rufe."